Garin "sitem sel" da ake saida ma iyayen masu sikila

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya tun lokacin ɗarin da ya wuce.

Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani lise nan Maradi. Ƙanwata na da yaro ɗan shekara 7 mai sikila, kuma duk wanda ya taɓa kwana da mai ciwon nan ya san yadda sanyi ke musu, yaro ya riƙe gwiwa yana ta kuka har asuba kai kuma ba abin da za ka iya sai ka ɗumama ruwa ka dinga gasa mishi da tsumma. Ran nan na je gidanta unguwar Zariya sai na ga wani kwali bisa firij, ƴan ƙananan fakiti ne a ciki da hoton tuffa. Ta ce min "Yaya, sitem sel ne, a WhatsApp na ga talla, ana zuba garin ƙarƙashin harshe da safe, wai yana sabunta jini." Akuyarta ta saida ta haɗa da kuɗin adashi, jika 45. Wallahi kasa magana na yi, uwa ce, ko mi aka ce zai sauƙaƙa ma ɗanta za ta saya.

To sitem sel ɗin gaskiya akwai shi, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo. Ƙwayar halitta ce mai rai, irin waɗanda ke gina jiki, wadda ba ta riga ta zama komai ba. Yadda nake faɗa ma ɗalibaina shi ne su dubi yumɓu a hannun mai ginin tukwane, muddin da damshi zai iya zama tulu ko randa ko kasko, amma in an gasa shikenan. Ita kuma mai ginin tana rufe shi da jiƙaƙƙen buhu don kar ya bushe. A cikin ƙwayar ɗan tayi na kwanakin farko, wasu ƙwayoyin gado, wato umarnin da muke gada daga iyaye, su ne ke aikin buhun nan, manyansu uku: Oct4 da Sox2 da Nanog. Suna tada junansu, kuma suna danne sauran ƙwayoyin gadon da za su ce ma ƙwayar ke zama fata, ke zama jijiya. Abin ma da awo yake, a shekarar 2000 masu bincike sun nuna a ƙwayoyin ɗan tayin ɓera cewa in Oct4 ya ragu ƙwayar sai ta koma irin wadda ke gina mabiyiya, in ya yi yawa kuma ta kama wata hanyar daban. Kamar gishiri a miya. To abin da ke buƙatar irin wannan lallaɓawa, a ɗakin bincike ma sai da ɗumi daidai na jikin mutum da ruwan abinci na musamman, shi ne za a busar a daka a zuba a leda ya kwana cikin zafin kasuwa? Ko da ma da rai ya shiga baki ai ciki narkar da shi zai yi kamar tuwo. Balle ma na tuffa ne, ina ruwan ƙwayar itace da ɓargon ɗan Adam.

Wani likita ɗan Japan, Shinya Yamanaka, a jami'ar Kyoto, a 2006 ya sa ƙwayoyin gado huɗu (Oct4, Sox2, Klf4, c-Myc) cikin ƙwayar ɓera da ta riga ta girma, ta koma ɗanya kamar ta farko, kaga kenan ya maida gasasshiyar tukunya yumɓu. A 2012 aka ba shi kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila. Amma fa wannan ɗanyen yana da haɗari, in aka sa irin ƙwayoyin nan a jiki haka nan ba a sarrafa su ba suna iya zama ƙari, wani har da gashi da haƙori a ciki, c-Myc ɗin kanshi yana da hannu a ciwon daji. Shi ya sa har yau masana ke tafiya a hankali.

Shi kuma mai sikila, matsalar tana rubuce ne cikin ƙwayoyin asali, wato sitem sel, na ɓargonshi, su ke haifar da jini, kuma jajayen ƙwayoyin da ya kamata su yi kwana 120 nashi ba su wuce 10 zuwa 20. Maganin da ke warkarwa shi ne dashen ɓargo, yawanci daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda nasu ya dace, aiki ne na makonni a asibiti kuma akwai kasada. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabo mai suna Casgevy, ana ciro ƙwayoyin mutum a gyara su a maida, kuɗinshi a Amurka a lokacin ya haura dala miliyan 2. Ku lissafa da sefa ku gani, sannan ku tuna da jika 45.

Roƙona ga gidajen rediyonmu, dan Allah ku gayyato malamai daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da likitoci su yi bayanin nan da Hausa, don masu talla da Hausa suke yi kuma sun iya baki, har da rantsuwa. Limamai ma su taimaka da maganar gwajin jini kafin ɗaurin aure, AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Su kuma hukumomin lafiya su leƙa su ga mi ke cikin ledojin nan.

Ƙanwata dai na zauna da ita na zana mata komai a bayan kwalin, ta yi shiru can ta ce "to Yaya saura fakiti shida, in zubar?" Na ce ta ajiye mu kai ma likita ya duba. Yaron ya koma shan magungunan da aka rubuta mishi a asibiti, yana kwana cikin gidan sauro, ruwa kuma kullum gora na kusa da shi. Muna haɗa kuɗin mota, in an yi hutu zan kai shi cibiyar masu sikila ta Yamai.

Naku,
wani malamin makaranta, Maradi