Tagwayen Hanya Ko Falle Ɗaya: Shawara Ga Masu Tafiya Arewa Da Motarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini. Mu direbobin dogon zango ne da makanikai a nan Kumasi. Duk sanda Sallah ko hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, tambaya ɗaya 'yan'uwa daga Nima, Mamobi, Madina da Ashaiman a yankin Ankara suke yi mana: wace hanya za su bi zuwa Tamale, Yendi ko Bolga, babba mai faɗi ko ƙarama mai yanke? Yawancinsu sun riga sun duba taswirar waya ta ba su kilomita da awa. Amsarmu ita ce, ba da kilomita ake auna hanya ba. Abu biyu ake dubawa: tireloli nawa za ka wuce a hannun da ba naka ba, kuma a ina magariba za ta same ka.

'Yan'uwanmu mazauna Amurka idan sun zo hutu sukan ce a hau babbar hanya kawai a miƙe. A can maganarsu daidai ce. Manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinsu, waɗanda aka soma ginawa bayan dokar 1956 a zamanin Shugaba Eisenhower, da sharaɗi aka yi su: aƙalla layi biyu a kowane hannu, shinge ko fili a tsakiya, babu mararraba, babu danja, ba a shiga ba a fita sai ta inda aka tanada. Mai bin ƙaramar hanya a can don son ganin gari yake bi. A Gana abin da ya yi kama da wannan shi ne titin Ankara zuwa Tema da aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, kuma tsawonsa kilomita 19 ne kacal. Sai kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam da aka buɗe a 2012, shi ma da danja da masu tsallakawa a ƙafa. Ankara zuwa Tamale kuwa ya haura kilomita 600, kuma mafi yawansa falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa fenti ne kawai a tsakaninsu.

Hanyoyin da mutum zai zaɓa guda uku ne. Ta farko N6 daga Ankara ta Pokuase, Nsawam, Suhum, Bunso, Nkawkaw, Konongo zuwa Kumasi, kimanin kilomita 250, sai N10 ta Offinso, Techiman, Kintampo, Buipe da Yapei zuwa Tamale, kimanin 380. Ta biyu N2, hanyar gabas, daga Tema ta gadar Adomi, Asikuma, Hohoe, Jasikan, Nkwanta, Kpassa, Bimbilla zuwa Yendi. Ta uku daga Kumasi ta Mampong, Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a shiga jirgin fito a tsallaka tafkin Volta zuwa Makango, a bi ta Salaga.

Ga mai ƙaramar mota da iyali a ciki, ta farko muke zaɓa masa, duk da cunkosonta. Gidajen mai suna kusa da juna, masu faci da makanikai suna kowane gari, akwai asibitoci, kuma idan mota ta tsaya za a samu wanda zai ja ta. Hanyar gabas ta fi kusa ga mai zuwa Bimbilla ko Yendi, motoci ba su da yawa, amma ba ta da hali ɗaya: wani wuri sabuwar kwalta, wani wuri ramuka, wani wuri jar ƙasa. Da damina mota mai ƙasa-ƙasa tana iya fasa kaskon mai ko ta karya shokazoba a wurin da babu kayan gyara. Wanda zai bi ta ya je tasha ya tambayi direban da ya sauko a makon nan, kada ya dogara da labarin bara. Hanyar Yeji kuwa duk lissafinta yana hannun jirgi. Idan ya tashi ya bar ka, ko ya samu matsala, a bakin ruwa za ka kwana.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, wato wuce tirela a hanya falle ɗaya. Mutane suna ganin abu ne na ƙiftawar ido, to a zo a yi lissafi. Tirela mai tsawon mita 18 tana gudun kilomita 60 a awa, kai kana 90. Tazarar gudunku 30 ce, wato kamar mita 8 a daƙiƙa. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka ba ta fili ka koma hannunka, sai ka ci wajen mita 65 a kanta, wato daƙiƙa 8. A cikin daƙiƙa 8 ɗin nan motarka ta ci mita 200 na titi, mai tahowa a 90 shi ma ya ci 200. Ke nan idan ba ka hangi rabin kilomita babu kowa ba, ba ka da hanya. Idan tirelar a 70 take, daƙiƙa 12 kake buƙata da fili kusan mita 600. Idan kuma biyu ne a jere, kamar yadda motocin Burkina da Mali da Nijar suke tafiya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, to ka haƙura sai hanya ta miƙe sosai.

Ga yadda ake yi. Kada ka manne wa tirela a gindi, domin ta rufe maka gani, kuma ba ka da filin ɗaukar gudu. Ka ja baya har ka iya hango madubin direbanta. Ka sauke giya ɗaya tun kafin ka fito, ka duba madubinka ko wani ya riga ka fitowa, ka ba da sigina, ka yi hon. Idan ka fito ka ga abin ba zai yiwu ba, ka saki totur ka koma baya, ba abin kunya ba ne. Ba a wucewa a kwana, ko kan tudu, ko kan gada, ko cikin gari, ko inda layin tsakiya bai tsinke ba. Abu biyu suna yawan halaka mutane. Ɗaya shi ne bin bayan bas idan ta fita wucewa: ita za ta koma hannunta a kan lokaci, ta bar ka ido da ido da mai tahowa. Na biyu shi ne amincewa da siginar direban tirela. Wani yana nufin ka wuce, wani yana nufin kada ka fito, wani shi kansa zai kauce wa rami ne. Abin da idonka bai gani ba kada ka taka a kai.

Ba tsoratarwa muke yi ba. A watan Fabrairun 2016 bas da motar tumatir suka yi taho-mu-gama kusa da Kintampo, sannan a watan Maris na 2019 bas biyu suka haɗu a wannan yanki da tsakar dare. Kowanne ya ci rayuka fiye da 50. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hanyar wajen ba ramuka ne matsalarta ba, santsinta da miƙewarta ne suke sa mutum ya saki jiki.

Tagwayen hanya ta raba ka da taho-mu-gama, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa duk inda take muke cewa a bi ta. Amma tana da nata sharrin. Gudu mai ɗorewa yana dafa taya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasawa a gefe, ta yi zafi, ta fashe, saboda haka masu cewa a rage iska don rana kuskure suke yi. A auna iska da safe taya tana sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a ƙara zuwa adadin cikakken kaya idan mota ta cika. A duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta hana tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa, kuma yawancin tayoyin gwanjo sun wuce haka ko da zanensu yana da kyau. Idan taya ta fashe kana gudu, kada ka danna birki. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saki totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai sannan ka taɓa birki ka gangara gefe.

Wuri mafi hatsari a kan N6, a ganinmu, shi ne inda tagwaye take ƙarewa ta koma falle ɗaya, ko inda masu aiki suka karkatar da hannu biyu zuwa ɗaya. Daga Ankara zuwa wajen Apedwa ƙafa ta saba da gudu, ido ya saba da cewa hannun hagu naka ne. Sai hanya ta tsuke, mutum bai farga ba yana nan a hagu. Duk inda ka ga shingen tsakiya ya ƙare, ka sauko zuwa 70 ka koma dama, ka ba kanka 'yan mintoci kafin ka yi tunanin wuce kowa.

Dokar nan ta ƙayyade gudu: 100 a titin Tema, 90 a babbar hanya, 50 a cikin gari, 30 wajen makaranta ko kasuwa. Wanda ya yi kilomita 250 a 100 maimakon 90, minti 17 kawai ya rage, kuma cunkoson Ejisu ko shataletalen Suame zai ƙwace su. Garuruwan kan hanya, irin su Anyinam, Konongo, Abofour da Akomadan, cike suke da tudun rage gudu, wasu babu fenti. Mota mai kaya idan ta hau su da ƙarfi, salansa ko kaskon mai ne yake biya.

Sai batun lokaci. A ƙasar nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Fitilar ƙasa tana nuna maka wajen mita 50, alhali mota a 90 tana buƙatar kusan mita 80 kafin ta tsaya cak, idan aka haɗa da lokacin da ƙafa za ta kai birki. Ma'ana, abin da ka gani da dare ka riga ka makara a kansa: tirelar da ta lalace ba fitila sai ganye da aka zuba a bayanta, tarakta, aboboya (babur mai ƙafa uku na kaya) mai ɗauke da gawayi, shanu masu tsallakawa tsakanin Kintampo da Buipe. Da hunturu ga hazo ga hayaƙin ƙonar daji. Don haka mai fita daga Ankara ya tashi da zarar an sallame Asuba, ya wuce Pokuase kafin gari ya tashi, ya huta a Bunso ko Nkawkaw, ya yi Azahar a Kumasi ko Techiman. Idan La'asar ta yi bai bar Techiman ba, ya kwana a can. Dokar ta hana direban haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba hutu, ko fiye da awa 8 ko kilomita 500 a yini. Idan wanda sana'arsa ke nan an sa masa wannan iyaka, mai tuƙin ofis da gida ya fi buƙatarta. Direba ɗaya, Ankara zuwa Tamale ko Bolga a yini ɗaya, ba mu goyon baya. Alamar barci ba hamma kaɗai ba ce: idan ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ko taya ta taɓa bakin kwalta, ka tsaya ka kwanta minti 20. Goro da buɗe gilashi ba sa maganinsa.

A lura da rana ma. Juma'a da yamma da Asabar hanyar Kumasi cike take da masu zuwa jana'iza, lokacin Ista kuma Nkawkaw tana toshewa saboda bikin Kwahu. Mai wucewa Bawku ya bincika halin tsaro da dokar hana fita kafin ya bar Bolga.

Gyaran mota a yi shi mako guda kafin tafiya, a yi yawo da ita cikin gari, domin sau da yawa abin da aka taɓa jiya shi yake kwancewa a hanya. A duba birki da mansa, baƙin mai, ruwan lagireto da tiyoyinsa, fanbel, fitilu da waifa. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya a kashe inji, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. A gangara mai tsawo, irin ta dutsen Mampong, giya ake saukewa, don birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya daina kamawa. A ɗauki safaya mai iska, jak, sifanar taya, alamar tsayawa mai kusurwa uku, abin kashe gobara, tocila da galan ɗin ruwa. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha wajen lita 50 zuwa Tamale, kuma kaya a saman rufi suna ƙara mata sha. A cika tanki a Techiman ko Kintampo, domin daga nan kusan kilomita 200 ne garuruwa suna nesa da juna. A riƙe kuɗi a hannu, ba ko'ina sabis yake ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Muna kuma kira ga hukumar manyan hanyoyi da hukumar kiyaye haɗura da 'yan sandan hanya. A sa manyan alluna masu ƙyalli tun daga nesa a duk inda tagwaye za ta koma falle ɗaya, a shafa wa tudun rage gudu fenti, a riƙa janye tirelolin da suka lalace kafin dare ya yi. A tuddan da ke tsakanin Nkawkaw da Konongo a ƙara layin hawa, yadda manyan motoci za su koma gefe ƙanana su wuce ba tare da sun shiga hannun wani ba. Limamai da sarakunan zango su ma su taimaka su faɗa wa jama'a waɗannan abubuwa a makon da ake shirin tafiya.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.

Naku,
Wasu direbobin dogon zango da makanikai,
Aboabo, Kumasi.