Ina 'yan adawar Majalisar Dattawa suka shige?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in tuna wa sanatocinmu baya. A Janairun 2020, Sanata Enyinnaya Abaribe, shugaban marasa rinjaye a lokacin, ya miƙe a zauren majalisa ya ce Shugaba Buhari ya yi murabus tunda tsaro ya gagare shi. A Yulin 2022 kuma Sanata Philip Aduda, wanda ya gaji Abaribe, ya ja 'yan adawa suka fice bayan shugaban majalisar na lokacin, Ahmad Lawan, ya hana shi magana, suka ba Buhari wa'adin mako shida ya gyara tsaro ko a tsige shi. Ba a tsige kowa ba, amma dai an ji su. Yau 'yan bindiga na karɓar haraji a ƙauyukan Zamfara, 'yan adawarmu kuwa rububin komawa APC suke yi. Wa zai tambayi ministan tsaro ina kuɗin tsaro suka tafi?

Mai karatu, daga Gusau.