Kira ga Marubutan Kannywood kan Fim Ɗin Kisa Mai Ban Dariya

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin marubutan Kannywood kan fina-finan Amurka masu haɗa kisa da barkwanci, irin Scream na 1996, waɗanda matasanmu ke turawa juna a waya.

Ƙarfin irin wannan fim yana cikin tsarin labarinsa. Ana buɗewa da kisa guda, sannan a gabatar da gungun abokai, kowanne da halinsa, kafin makashi mai rufe fuska ya fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Gwanin marubuci yakan saka dariya daidai lokacin da gaban ɗan kallo ya faɗi: ƙofa ta yi ƙara, jaruma ta ɗaga muciya, ashe kyanwa ce. Da zarar an saki jiki, sai wuƙa ta sauka. A ganina nan ne namu za su fi buƙatar kulawa, domin idan ɗan barkwanci ya cika surutu, tsoron yakan huce.

A ƙarshe jarumar da ta tsira ce ke tona asirin makashin, kuma wajibi ne a dasa alamunsa tun farko. Inuwa da sauti sun wadatar maimakon jini, ko don neman amincewar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano