Wasiƙa zuwa ga Edita: Kisan iyalin Lawson da haƙƙin mamacin da ba zai iya kare kansa ba

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani tsohon al'amari da ya auku a ƙasar Amurka a shekarar 1929, wanda har yau ba a gano dalilinsa ba. Abin da ya sa na ga ya dace a tayar da shi a jaridar Hausa shi ne, yadda mutanen can suka yi da labarin bayan an binne mamatan ya shafi aikin kowane ɗan jarida da ake kawo wa rahoton kisan gilla a cikin gida, ko a wace ƙasa yake.

Charlie Lawson manomin taba ne a gundumar Stokes, kusa da ƙauyen Germanton, a jihar Karolina ta Arewa. Ya auri matarsa Fannie a shekarar 1911, suka haifi 'ya'ya takwas, ɗaya ya rasu yana ƙarami a 1920 sakamakon rashin lafiya. Sun daɗe suna noma a gonar wasu, sai a 1927 ya tara abin da ya sayi tasa gonar. Ana gab da bikin Kirsimeti na 1929 ya ɗebi iyalinsa gaba ɗaya ya kai su birnin Winston-Salem, ya saya musu sababbin tufafi, aka ɗauke su hoto tare a shagon mai hoto, abin da ƙaramin manomi na wancan zamani bai saba kashe wa kuɗi ba.

A ranar 25 ga Disamba, ranar Kirsimetin kanta, babban ɗansa namiji Arthur, mai shekara 16, ya tafi cikin gari. Bayan fitarsa mahaifin ya tare 'ya'yansa mata biyu, Carrie mai shekara 12 da Maybell mai shekara 7, a kusa da ɗakin busar da taba suna kan hanyar zuwa gidan 'yan uwa, ya harbe su da bindigar farauta, ya shigar da gawarwakinsu ɗakin. Daga nan ya koma gida ya kashe Fannie mai shekara 37, da babbar 'yarsa Marie mai shekara 17, da James mai shekara 4, da Raymond mai shekara 2, da jaririya Mary Lou wadda watanta huɗu kacal a duniya. Waɗanda suka fara isa wurin sun tarar an shimfiɗe gawarwakin an ɗora musu hannuwa a ƙirji. Shi kuwa ya shige daji, ya yi sa'o'i a can, har jama'a da jami'an tsaro suka cika gidan, sannan aka ji ƙarar bindiga ɗaya daga cikin itatuwa. Da aka je an tarar ya kashe kansa, an kuma ga sawunsa ya zagaye wata bishiya sau da dama, alamar ya daɗe yana kai da kawowa. An sami ɗan rubutu a tare da shi, amma babu inda ya faɗi dalilin abin da ya aikata. Shekarunsa 43.

Iyakar abin da ya tabbata ke nan, kuma ya kamata mai karatu ya lura da inda tabbacin ya tsaya. Kusan babu wanda ya yi shakkar ko wane ne ya yi kisan. Abin da ya gagara shi ne dalili, kuma da yake mai laifin ya mutu, ba a yi shari'a ba, ba a rantsar da shaidu a gaban alƙali ba, babu lauyan da ya tsare kowa da tambaya. Duk bayanin da aka kawo daga baya ya fito ne daga bakin dangi da maƙwabta da marubuta, kowa da abin da ya ji ko ya zata.

Bayanin da aka fara kawowa shi ne na ciwon kai. 'Yan uwa sun ce watanni kafin abin ya faru Charlie ya ji rauni a kansa, kuma halinsa ya sauya tun daga lokacin. Saboda haka aka aika da ƙwaƙwalwarsa asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, likitoci suka duba, ba su ga wata illa ba. Masu ba da labarin sukan ɗauki wannan sakamako a matsayin hujjar cewa lafiyarsa ƙalau, alhali binciken gawa na wancan zamani ba zai iya nuna ciwon damuwa ko ruɗewar tunani ba, domin irin waɗannan cututtuka a halayyar mai rai ake gane su. Wasu kuma sun danganta abin da karyewar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na wannan shekarar, wata biyu kafin kisan, sai dai ba a nuna cewa gonarsa na gab da suɓuce masa ba. Hoton da sababbin tufafin su ma an mai da su hujja, ana cewa ya riga ya shirya abin da zai yi, tufafin da za a binne su da su ya saya. Yana iya zama haka, yana kuma iya zama uba ne ya sayar da tabarsa ya so ya faranta wa iyalinsa a lokacin biki. Hoton bai isa ya raba gardamar ba, ko da yake har yanzu ana yaɗa shi a intanet ana zana da'ira a fuskokin mutanen ana fassara kallon kowannensu.

Bayani na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarar 1990, wato shekara sittin da ɗaya bayan kisan, aka buga wani littafi da ya yi iƙirarin cewa mahaifin ya keta haddin 'yarsa Marie, tana ɗauke da cikinsa, kuma tsoron tonon asiri ne ya sa ya hallaka gidan. Madogarar wannan magana ita ce wata 'yar uwa da ta ce ta ji manyan matan dangi suna tattauna zancen, daga baya kuma aka ƙara da maganar wata ƙawar yarinyar. Babu wata takardar likita da aka fito da ita ta tabbatar da cikin. Duk da haka yau da wuya ka ga an ba da labarin iyalin Lawson ba tare da an liƙa wannan zance a jikin sunan Marie ba, wasu ma suna faɗinsa kai tsaye kamar alƙali ya yanke hukunci a kai.

Ba na cewa abin ba zai yiwu ba. Irin wannan cin zarafi yana faruwa a gidaje, kuma sau da yawa shirun dangi ne yake ba shi mafaka. Amma ina so a duba inda maganar ta bar yarinyar ta kowace fuska. Idan gaskiya ne, to Marie an zalunce ta tun kafin a kashe ta, kuma akwai manya da suka sani suka kame bakinsu a lokacin da magana za ta iya cetonta da ƙannenta, suka buɗe shi bayan shekara sittin lokacin da ba ta amfani kowa sai mai sayar da littafi. Idan kuwa ƙarya ne, to an jingina wa yarinya 'yar shekara 17 abin kunyar da ba ta da bakin musantawa, bayan an riga an raba ta da ranta. Mu da muka tashi muka tarar da aya ta huɗu a Suratun Nur, wadda ta wajabta shaidu huɗu a kan mai jifar mace da irin wannan magana, ta kuma tanadi bulala tamanin ga wanda ya kasa kawo su, mun san nauyin da aka ɗora wa harshe a wannan babi. Wannan tsanani an yi shi ne domin an san cewa da zarar irin wannan zance ya fita ba ya komawa, kuma mamaci ya fi kowa buƙatar wannan kariya.

Sai kuma abin da aka yi da gidan. An binne iyalin, har da shi Charlie, su takwas a kabari ɗaya a maƙabartar Browder, akwatin gawa bakwai, domin jaririyar a hannun mahaifiyarta aka sa ta, kuma dubban mutane ne suka yi cincirindo a wurin, akasarinsu ba su taɓa sanin mamatan ba. Ba a daɗe ba ɗan uwan Charlie, mai suna Marion, ya buɗe gidan ga masu kallo, ana biyan sent 25 a shiga. Kek ɗin da Marie ta toya domin bikin yana nan a ajiye a kan tebur, masu kallo suka riƙa tsince zabibin da ke kansa suna tafiya da shi gida a matsayin abin tunawa, har sai da aka rufe shi da murfin gilashi. A shekarar 1930 mawaƙa suka sa labarin a faifan garmaho, aka riƙa saye ana saurare. An ce kuɗin ƙofar na tallafa wa Arthur ne, kuma ban raina wannan uzuri ba, domin maraya mai shekara 16 da aka bar wa gona yana buƙatar abin hannu. Amma yaron nan yana raye yana ganin baƙi suna layi a ƙofar gidan da aka kashe mahaifiyarsa, yana jin sunayen ƙannensa a bakin mawaƙa. Ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu, sannan ya rasu a haɗarin mota a 1945, ya bar su su ma suna ɗauke da sunan da duk gundumar ta sani da abu ɗaya.

Ya Edita, a yau ba sai an biya sent 25 ba. Idan irin wannan masifa ta auku a wata unguwa a nan ƙasarmu, kafin 'yan sanda su iso hotunan gawarwakin yara sun riga sun zagaye WhatsApp da Facebook, kuma kafin a yi jana'iza an riga an yanke dalili: wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce ƙwaya ce, wani ya ce sharrin kishiya ne, wani kuma ya jefa sunan wata mace a ciki. Mai wayar hannu ba shi da edita a kansa, amma jarida tana da shi, kuma abin da jarida ta buga shi ne ake komawa a karanta bayan shekaru a ɗauka a matsayin tarihi. Masu rubutu a kan iyalin Lawson a yau suna dogara ne da jaridun 1929 da littafin 1990, kuma duk abin da aka rubuta a can da gaggawa ko da son ciniki ya zama gado da ake kwafa ba tare da tantancewa ba.

Don haka nake roƙon jaridarka ta kafa wa kanta ƙa'ida a rubuce game da irin waɗannan rahotanni, ta kuma sanar da masu karatu ita. A daina buga hoton gawa, musamman ta yaro, ko da an dusashe fuskar. Idan wani ya kawo dalilin kisa, a faɗi ko wane ne ya kawo shi da matsayinsa, ɗan sanda ne ko likita ko maƙwabci, kada a ɗora shi a kanun labari kamar abin da aka tabbatar. Duk maganar da ta taɓa mutuncin mace ko yarinya da aka kashe a riƙe ta sai an ga takardar likita ko bayanin kotu, kuma in ta tabbata a rubuta ta yadda mai karatu zai gane cewa ita aka zalunta. Inda mai kisan ya kashe kansa, a guji zayyana yadda ya yi dalla-dalla, domin akwai masu rauni a cikin masu karatu. Sannan a tuna da wanda ya tsira, domin kusan kullum akwai shi, kuma zai karanta abin da aka rubuta a kan iyayensa, in ba yau ba to ranar da ya girma. Ina kuma ba da shawarar wakilanku su riƙa komawa bayan wata uku ko shida su bibiyi inda binciken 'yan sanda ya tsaya, su buga abin da aka gano ko da ya saɓa wa abin da aka yaɗa a ranar farko.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya.