Wasiƙa kan fentin ɗakin amarya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya aiki, ya iyali? Mu nan wajen Ringim lafiya lau, an gama yankan gero ana ta ɗaurin dami, Inna tana gaishe ka.

Ɗakin nan da ka bari ana filasta ya bushe, sati huɗu na ba shi don mai fenti ya ce in aka shafa kan danshi ɓarewa zai yi. To yanzu kala ce ta tsaya min a rai. Amarya ruwan omo take so, ni kuma ruwan madara. Da na shiga Kano na biya Ƙofar Ruwa na sayo ɗan kaɗan na kowanne, na shafa su gefe da gefe a bangon da ke kallon taga, kwana uku ina dubawa.

Wallahi da hantsi ruwan omon nan kyau gare shi, kana shiga ka ji kamar ɗakin ya yi sanyi, amma ka san tagar ɗaya ce kuma ƙarama tana kallon gabas, rana na juyawa bayan azahar sai ya fara dusashewa, da dare da na kunna ƙwan sola kuwa ya koma kamar ruwan toka. Madarar ko da magariba tana nan da haskenta. Sannan ga ƙura, hunturu na tafe. Na ɗebi ƙasa a ƙofar gida na hura a kansu, a shuɗin nan take ta fito, a madarar sai ka matso kusa kafin ka gani.

Duk da haka ba na son in danne mata ra'ayi, ita za ta riƙa wuni a ciki, kuma labule da zanin gado duk shuɗi aka saya mata. Na sa ƙanwata ta kai mata hoto, sai dai waya ba ta nuna kalar yadda take a ido.

Abin da nake tunani, madara a sama, bokiti ɗaya mai lita 20 na fentin ruwa zai isa a shafa sau biyu, sai ruwan omo daga ƙasa zuwa daidai ƙugu da fentin mai, galan ɗaya mai lita 4, shi ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Don Allah in ka taɓa ganin irin wannan haɗin a can ka gaya min ko yana kyau, sati mai zuwa mai fentin zai fara.

Ka gaida mutanen gidan.

Naka,
abokinka