Ɗana, Ka Rage Ƙarar Nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Waƙoƙi ukun da ka turo na saurare su, a lasifika da kuma a waya. Ta biyun amshinta yana kama zuciya. Sauran biyun kuwa kiɗa ka fara ginawa sannan ka cusa baitoci, shi ya sa kalmomin ke tuntuɓe. Ka koma yadda aka koya maka: rera amshin da baki, kana tafi, har ya zauna. Sannan ka tsayar da saurin bugun, ka ɗora ganga da bes, wato sauti mai kauri, sauran kayan kiɗa su biyo baya.

Wajen ɗaukar murya, bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka sa raga a tsakani don ta tare iskar baki. Kada ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar ɗauka ya wuce lamba -6. In ma'aunin ya taɓa jan layi, murya ta tsage, kuma babu gyaran da zai ɗinke ta. Abin da ke ƙasa da Hz 80 a muryar, wato sautin da ya fi kauri, yanke shi, gurnani ne kawai. Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya, na ɗan kauce ne, baitin da ya karkace sake rera shi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ƙanwarka ta ce sai an kira ka sau biyu kake amsawa, kuma da bakinka ka gaya mata kunnenka na dama yana yi maka shuu idan ka kwanta. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Waƙoƙin ma sun tona maka asiri: kaifi ya yi musu yawa, kowane "s" sai ya soki mai saurare. Kunnen da ya gaji ne ke ta neman ƙarin kaifi, domin siraran sautuka su ne ke fara ɓace masa.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti: ƙarar desibel 85 awa 8 ne iyakarta a yini. Duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, har 100 da ba ta wuce minti 15. Abin da kake maƙalawa a kunne, in ka ƙure shi, yana iya zarce 100, kai kuma kwana kake yi da shi. 'Yan ƙwayoyin da ke karɓar sauti can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kai da ka ga abin da ya sami kawunka, me kake jira? Ka sha cewa na cika takura don ina kashe maka lasifika. Ban yi nadama ba, yau ma da ina kusa da na kashe. Kwana da ƙara a kunne sakarci ne, ba ƙwazo ba.

Ƙarar ma cutar aikin take yi. In sauti ya yi ƙarfi, kunne yana jin bes da kaifi sun cika, komai ya yi daɗi, da an rage sai waƙar ta koma fanko. Ka yi aiki a matakin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Ka ɗaga ƙarar na minti ɗaya don duba bes, ka mayar. Kowace awa ka fita minti 10 inda babu sauti. Kada ka haɗa sauti a daren da ka ɗauki murya, bari sai da safe. A wurin wasa ka sa abin toshe kunne, kuma ka nisanci gaban lasifika.

A makon nan ka je wurin likitan kunne a auna jinka, ka turo mini sakamakon. Ba faɗa nake maka ba, ɗana, tsoro nake ji. Mahaifiyarka tana gaishe ka, amshin ta biyun ma har ta haddace. In ka sake rera baitinta na ƙarshe, turo mini na ji.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka