Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malamar firamare ce a wani gari da ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. Wani yaro ɗan shekara 7 a ajina ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk lokacin da babur ya wuce bayan taga, yaron nan sai ya faɗa ƙarƙashin benci ya toshe kunne. In wani ya taɓa shi, sai cizo. Uwarsa ta ce fitsarin kwance ya dawo masa bayan ya shekara uku da dainawa, kuma da kyar dare ke wucewa bai farka da ihu ba. Maƙwabta suka ce shafar aljanu ce. Kawunsa ya ce taurin kai ne, a ƙara masa bulala. Ni kaina na taɓa zane shi ranar da ya ciji wata yarinya, kuma har yau in na tuna yadda ya ƙame yana kallona, ko hawaye babu, sai zuciyata ta karye. Daga baya na ji cewa a kan babura aka shigo ƙauyensu, kuma a gabansa aka tafi da mahaifinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa samun horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa ce ta zauna da uwar, zama shida, a ƙarƙashin bishiya. Ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya ba. Ta koya mata cewa in ya birkice kada ta daka masa tsawa, ta durƙusa daidai tsayinsa, ta sassauta murya, ta faɗa masa sunan abin da ke damunsa: "Tsoro ka ji, ko? Ga ni nan." Ta koya wa yaron jan numfashi ya sake shi a hankali kamar mai hura koko mai zafi. Ta ce a tsayar masa da lokacin ci da na barci, a ware minti 10 kullum uwar ta yi wasa da shi, wasan da shi ya zaɓa, a kuma yaba masa duk ranar da ya danne fushi. Ta bayyana mana dalili: sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa fushi da tsoro birki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, don haka ƙaramin yaro aron natsuwa yake yi daga babban da ke kusa da shi. In babban ya harzuƙa, yaron ba shi da inda zai aro. Yanzu yana zama a aji. Har yanzu yakan firgita, amma da bakinsa yake cewa "Malama, na ji tsoro", ba da haƙora ba.

Ranka ya daɗe, sa'a ce ta haɗa mu da matar nan, ba tsari ba. Wannan shi ne kukana.

Ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, da yaran Kuriga a Maris na 2024, duk an ga dawowarsu a talabijin. Bayan an kashe kyamara, iyaye ne suka koma gida da su, ba tare da kowa ya nuna musu yadda ake riƙe yaron da ya kwana a daji da bindiga a kansa ba. Ba kuma sai an sace yaro ba. Akwai na mutuwar aure, akwai maraya, akwai wanda Allah ya halitta da rashin iya zama wuri ɗaya ana kiransa mai ƙiriniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa. In iyaye suka rasa yadda za su yi, mun san inda ake ƙarewa: a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Akasarin iyayen da suka kai su neman gyara suka je yi.

Na san an sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma abin a yaba ne. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba. Matar da ke ƙauye ba za ta iya kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Maiduguri ko Dawanau ba. Ko tana da shi, ba za ta je ba, don gudun a ce ɗanta ya haukace.

Inda take zuwa ba tare da jin kunya ba shi ne ƙaramin asibitin unguwa, ranar awo da ranar rigakafi. Nan nake roƙon a kai wannan ilimi. Ka yi alkawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. A sa tarbiyyar zuciyar yaro da shawarar iyaye cikin abin da za su koya. Tsarin mhGAP, wato shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke nan tun 2008, dama don waɗanda ba ƙwararrun likitoci ba aka yi shi, kuma yana da babi a kan yara. A fassara shi zuwa Hausar da uwa za ta gane, a ware masa kaso daga asusun kula da lafiya a matakin farko, a kuma buɗe hanyar tura yaron da lamarinsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti zuwa ga ƙwararre. Kada a manta da maza, domin sau da yawa bulalar a hannunsu take.

Kai ne ka zaga fadojin sarakuna lokacin da mutane ke rufe ƙofa ga allurar shan inna, har aka wayi gari a 2020 an ce Nijeriya ta rabu da ita. Masu unguwannin nan da limaman nan suna nan. Kuma ba baƙon abu za su kai wa jama'a ba: Manzon Allah (SAW) da kansa ya tsaya ya jajanta wa ƙaramin yaro Abu Umair lokacin da tsuntsunsa ya mutu, bai ce masa namiji ba ya kuka ba.

A ajina akwai yara sama da 80, kuma na ƙirga aƙalla tara da ke buƙatar irin zaman da aka yi da uwar yaron nan. Ma'aikaciyar jinyar kuwa an yi mata canjin wurin aiki tun kafin azumi.

Allah ya yi maka jagora.

Taka,
Wata malamar firamare